Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Bututun Ruwan Tururin Boila da Magudanar Gida

Waɗannan tambayoyi ne da masu gidaje da masu aikin famfo suke yawan yi idan an zo kafa boila mai tara tururi, wato na'urar da ke ƙona gas ko mai don dafa ruwan dumama gida, ko kuma idan ta fara ba da matsala. Yawancin ma'aunan da aka kawo a nan na ƙa'idar Birtaniya ne. Duk inda littafin kamfanin da ya ƙera boilar ya saɓa da abin da ke nan, littafin za a bi.

1. Wane ruwa ne wannan, kuma daga ina yake fitowa?

Idan gas ya ƙone, abu biyu yake haifarwa: iskar kabon dayoksaid da tururin ruwa. Tsofaffin boiloli suna sakin tururin nan ta bututun hayaƙi da zafinsa, ya tafi a banza. Boila mai tara tururi kuwa tana bi da hayaƙin ta jikin ƙarfen da ruwa mai ɗan sanyi yake ratsawa, wato ruwan da ya dawo daga radiyetocin gida, ƙarafan da ruwan zafi yake bi ta cikinsu don dumama ɗakuna. Da zarar zafin hayaƙin ya sauka ƙasa da digiri 55 na Salsiyas ko kusa da haka, sai tururin ya koma ruwa, kamar yadda raɓa take taruwa a jikin kofi mai sanyi. Zafin da ya saki a wannan lokaci shi ne ribar da ake samu, shi ya sa ingancin irin wannan boila yake wuce kashi 90 cikin 100.

Ruwan da ya taru dole a sama masa hanyar fita. A Ingila da Wales, tun watan Afrilu na 2005 doka ta ce kusan duk sabuwar boilar gas da za a kafa ta kasance irin wannan.

2. Yaya yawan ruwan yake?

Kubik mita 1 na gas yana haifar da ruwa kimanin lita 1.6 idan ya ƙone, ko da yake ba duka ake iya tarawa ba. Boilar gida tana iya fitar da kusan lita 2 a awa idan tana aiki sosai. Yawan yana ƙaruwa idan ruwan da ke dawowa ya fi sanyi, misali a gidan da ake dumama shi ta ƙarƙashin daɓe. Abin lura shi ne ruwan ba da ƙarfi yake zuwa ba, ɗiga yake yi a hankali, kuma wannan ne tushen matsalar daskarewa da aka yi bayani a tambaya ta 11 da ta 16.

3. Ruwan yana da illa ne?

Yana da asid, amma ba mai ƙarfi ba. A ma'aunin tsami na pH yakan faɗa tsakanin 3 da 5 ga boilar gas, na boilar mai kuma ya fi tsami saboda sinadarin sulfa da ke cikin man. Ba zai ƙone hannu ba, sai dai ɗigar yau da gobe tana cin jan ƙarfe, baƙin ƙarfe, siminti da kankare. Idan aka bar shi yana zuba a gindin bango, bayan 'yan shekaru za a ga simintin da ke tsakanin tubala ya fara zagwanyewa.

Idan ya gauraya da ruwan wanka da na wanke-wanke, sabulun da ke ciki yana kashe tsaminsa, ga kuma yawan ruwan yana tsinka shi. Wannan ne ya sa magudanar ruwan datti ta gida ta fi ko'ina dacewa da shi.

4. Wane irin bututu ake amfani da shi, kuma mai wane faɗi?

Na roba kawai: PVC, ABS ko PP. Ba a sa jan ƙarfe ko ƙarfe, ko da a mahaɗa ɗaya ce. A cikin gida, mafi ƙarancin faɗin ramin bututun milimita 19 ne, wanda a kasuwa ake kira mai 21.5 ko 22. A waje, da kuma duk wurin da ba a dumamawa, kamar gareji ko saman silin, ramin kada ya gaza milimita 30, wato bututu mai 32.

Mahaɗar da aka liƙe da gam ta fi wadda ake turawa kawai, domin ba ta saki idan bututu ya motsa. Amma bututun PP ba ya kama gam, sai mahaɗa mai zoben roba, saboda haka a duba irin robar kafin a sayi kayan haɗi. A kankare bakin duk inda aka yanka, domin ɗan gutsuren roba da ya rage a ciki ya isa ya tara datti. A sa maƙalai a kowane santimita 50 a inda bututun ya kwanta, a kowace mita 1 a inda yake tsaye.

5. Wace irin gangara ake buƙata?

A ƙalla digiri 2.5, wato bututun ya sauka kimanin milimita 45 a kowace mita. Wasu kamfanoni suna neman milimita 52. Gangarar ta ɗore tun daga boila har mahaɗa, babu inda ya miƙe ɗoɗar, babu inda ya lotsa. Bututun roba siriri yana lotsawa tsakanin maƙalai biyu idan sun yi nisa, ruwa ya kwanta a wurin, datti ya bi shi ya taru. A gwada da ma'aunin ruwa na magina, kada a dogara da ido. Idan gangara ba za ta samu ba, duba tambaya ta 14.

6. A ina ya fi dacewa a haɗa shi?

A cikin gida, ta hanya mafi gajarta. Na farko a duba babban bututun bayan gida idan yana ciki, sai bututun kwamin wanke-wanke, na wanke hannu, na wanka ko na injin wanki. Idan babu ɗaya daga cikinsu da gangara za ta kai, a sa ƙaramin injin tura ruwa a kai shi gare su. Fitar da bututu waje shi ne zaɓin ƙarshe.

Sau da yawa ana huda bango a fita waje ne don ya fi sauƙi a ranar aiki, ba don babu hanya a ciki ba. Ɗage katakon daɓe guda biyu ko bi ta bayan kabad ɗin kicin yana cin lokaci, amma bututun da ke cikin ɗumi ba ya daskarewa. Ya kamata ma a yi wannan tunani tun kafin a zaɓi bangon da za a rataye boilar.

7. Mene ne aikin tarkon ruwa, kuma dole ne?

Dole ne. Tarkon ruwa lanƙwasa ce da kullum take riƙe da ruwa, ruwan nan ya zama murfi. Aikinsa biyu: yana hana hayaƙin boila bin bututun ya fito cikin gida, yana kuma hana warin magudana da iskarta komawa cikin boila. Hayaƙin boila yana iya ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari kuma tana kisa, don haka wannan ba batun wari kaɗai ba ne.

Idan za a haɗa da magudanar ruwan datti kai tsaye, zurfin ruwan tarkon kada ya gaza milimita 75. Yawancin boilolin yanzu suna zuwa da irin wannan tarko a cikinsu. Idan na ciki bai kai 75 ba, sai a ƙara wani a kan bututun, amma a bar tazarar iska da ido zai iya gani tsakanin boilar da sabon tarkon. Tarko biyu a jere babu tazarar iska suna kulle iska a tsakaninsu, ruwa ya kasa wucewa, ya koma baya.

Wasu boilolin tarkonsu yana tara ruwan ne har ya kai kimanin mililita 100, sannan ya sake shi gaba ɗaya. Ruwan da ya wuce da yawa lokaci guda da sauran ɗuminsa bai cika daskarewa a hanya ba.

8. Yaya ake haɗawa da bututun kwamin wanke-wanke?

Hanya biyu ce, kuma bambancinsu yana da muhimmanci. Ta farko, a haɗa a bayan tarkon kwamin, wato ɓangaren da ke tafiya magudana. A nan iskar magudana tana iya kaiwa ga bututun boila, saboda haka sharaɗin milimita 75 na tambaya ta 7 ya hau. Ta biyu, a haɗa a gaban tarkon, tsakaninsa da kwamin. A nan tarkon kwamin ne yake tare wari, ramin ambaliyar kwamin kuma ya zama tazarar iska. Illar wannan ita ce akan ji ƙarar ɗigar ruwa a kicin, kuma maiƙo da guntun abinci suna kusa da bakin bututun.

Ga yadda aikin yake a bayan tarko. A kashe boila. A zaɓi wuri a bututun kwamin, mai 32 ko 40, inda ya kwanta da gangararsa. A yanke shi, a sa mahaɗa mai baki uku, bakin na ukun yana kallon sama, sannan a sa abin rage faɗi zuwa 21.5. Akwai kuma mahaɗar da ake ɗaurawa a jikin bututu a huda ta ciki ba sai an yanke ba. Ko wacce aka ɗauka, bututun boila ya shigo ta sama. Idan ya shigo ta gefe ko ta ƙasa, duk lokacin da aka saki ruwan kwami sai wani ya kutsa ciki da dattinsa. A jera komai babu gam tukuna, a tabbatar da gangara, a yi alama da alƙalami, sannan a liƙe.

Idan bututun kwamin yana fita waje ya zuba a kwata, to ɓangarensa na waje ya zama bututun ruwan boila ke nan, duk sharuɗɗan tambaya ta 11 sun hau kansa. Wannan wuri ne da ake yawan mantawa.

9. Za a iya zura shi a bututun injin wanki?

Za a iya. Tsayayyen bututun da ake zura tiyon injin wanki yana da tarko a gindinsa, bakinsa kuma a buɗe yake, don haka tazarar iska ta samu. A haɗa da mahaɗa ta musamman a jikinsa, nesa da saman ruwan tarkon. Kada a cusa bututun boila tare da tiyon a baki ɗaya har su toshe shi, domin injin wanki yana turo ruwa da ƙarfi, idan iska ba ta samu mashiga ba ruwan kumfa zai iya hawa bututun boila.

10. Babban bututun bayan gida fa?

Idan na roba ne kuma yana cikin gida, babu wurin da ya fi shi. Ana huda shi da zarto mai zagaye, a ɗaura mahaɗa mai ɗamara, a sa abin rage faɗi. A gidan da bai wuce hawa 3 ba, mahaɗar ta kasance a ƙalla milimita 450 sama da gindin lanƙwasar da ke ƙasan bututun, domin a nan ne ruwa yake tumbatsa idan an ja ruwan masai. Kada kuma a huda daura da mashigar masai ko cikin milimita 200 ƙasa da ita, don kada abin da ya fito daga can ya faɗo cikin bakin. Tarko mai milimita 75 wajibi ne a nan.

A tsofaffin gidaje akan tarar da wannan bututu na baƙin ƙarfe ne. Kada a zuba masa ruwan boila tsurarsa. A haɗa da reshen roba da ruwan wanka ko na wanke-wanke yake bi, ko a sa abin kashe asid na tambaya ta 15.

11. Idan babu makawa sai an fita waje, me za a kiyaye?

A gajarta tafiyar, kada ta wuce mita 3. A ƙara faɗin bututun zuwa 32 tun yana cikin gida, kafin ya shiga bango, ba bayan ya fito ba, domin sanyi yana ratsa ramin bangon. Ramin da aka huda shi ma ya gangara zuwa waje. A waje a sa bututun ya tsaya a tsaye iya yadda zai yiwu, a rage lanƙwasa, kuma lanƙwasa biyu masu digiri 45 sun fi ɗaya mai 90.

A sa masa rigar hana sanyi wadda ruwa ba ya shiga kuma rana ba ta ci, mai kaurin milimita 13 zuwa 19 gwargwadon abin da kamfani ya ce. Rigar ta rufe har lanƙwasa da mahaɗa, a liƙe bakunanta. Soson da ake sa wa bututun cikin gida bai dace ba: yana shan ruwan sama, kuma jiƙaƙƙiyar riga ba ta tare sanyi. A wuraren da sanyi yake tsananta ana naɗa wa bututun wayar lantarki mai ɗumi a ƙarƙashin rigar, mai kunna kanta idan sanyi ya sauka. Rigar tana jinkirta daskarewa ne kawai, ba ta hana ta idan sanyi ya kwana biyu.

12. Za a iya zuba shi a kwata ko a bututun ruwan sama?

Ya danganta da inda ruwan yake ƙarewa. Idan gidan yana da magudana ɗaya da ke ɗaukar ruwan datti da na sama tare, ana iya yi. Idan ta ruwan sama daban take, tana zuba a rafi ko a ƙasa, ba a yarda ba. A tabbatar, kada a yi zato.

A kwata, bakin bututun ya shiga ƙarƙashin ragar da ke rufe kwatar da kimanin milimita 25, amma ya tsaya sama da ruwan da ke ciki, a yanke bakin a karkace. Bakin da aka bari a sarari iska tana busa shi, a nan ƙanƙara take fara kamawa. A bututun ruwan sama kuma dole a sa tazarar iska a waje kafin mahaɗar. In ba haka ba, ranar da ganye ya toshe bututun aka yi ruwa mai ƙarfi, ruwan saman zai bi ta baya ya cika boilar.

13. Babu magudana kusa. Yaya ake yin ramin tsotsewa?

A haƙa rami mai zurfin kimanin milimita 400, nesa da ginin da a ƙalla milimita 500, nesa kuma da bututun gas, na ruwa da wayar lantarki da ke binne. A sa bututun roba mai faɗin milimita 100 da tsawon 300, a toshe gindinsa. A huda masa ramuka 6 masu milimita 12, layi biyu, uku-uku, kusa da gindi, ramukan suna kallon nesa da gida. A cika cikinsa da kewayensa da tsakuwar dutsen farar ƙasa, ita ce take kashe asid ɗin. Tsakuwar tana narkewa a hankali, sai a riƙa dubawa ana ƙarawa. A ƙasa mai yumɓu wannan rami ba ya aiki, domin ruwa ba ya nutsewa.

14. Boilar tana ƙasa da magudana. Mene ne mafita?

Ƙaramin injin tura ruwa. Akwati ne mai ɗaukar lita 1 zuwa 2, da abin shawagi a ciki. Idan ruwa ya kai wani matsayi, injin ya tashi ya tura shi ta siririn tiyo zuwa sama, mita 4 ko fiye gwargwadon ƙarfinsa. A sayi wanda aka ƙera don ruwan boila, domin na na'urar sanyaya ɗaki ba lallai ya jure asid ba.

Abu biyu ne ba a wasa da su. Na farko, injin yana da makunnin kariya da ake haɗawa da wayar boila, ta yadda idan ya lalace akwatin ya cika, boilar za ta tsaya. Idan ba a haɗa shi ba, ruwa zai malale a daɓe ba wanda ya sani. Na biyu, siririn tiyon kada ya fita waje ko ya bi ta wuri mai sanyi, domin ruwan da ke kwance a cikinsa yana daskarewa nan da nan.

15. Dole ne a sa abin kashe asid?

A yawancin gidajen da ke kan babbar magudana ba dole ba ne, saboda dalilin da aka faɗa a tambaya ta 3. Ana buƙatarsa idan bututun gidan na baƙin ƙarfe ne ko na kankare, idan ruwan yana zuwa tankin masai na gida inda asid zai iya raunana ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta, ko idan dokar wurin ta ce a sa. A Jamus, misali, boilar gas da ba ta wuce kilowat 25 ba galibi ba a neman sa, wadda ta haura 200 kuwa dole ne. Shi dai ɗan kwalba ne mai tsakuwar farar ƙasa da ake sawa a kan bututun. A duba shi duk shekara, domin tsakuwar tana ƙarewa, wani lokaci kuma ta dunƙule ta toshe hanya.

16. Yaya zan gane bututun ya daskare, kuma me zan yi?

Alamun su ne: an kwana da tsananin sanyi, boila tana ƙarar ɓulɓul, tana ƙoƙarin kamawa tana kasawa, sannan ta nuna lambar matsala. A boilar kamfanin Worcester Bosch akan ga EA, a ta Vaillant F28 ko F29, a ta Baxi E133. Waɗannan lambobi suna nufin wuta ta ƙi kamawa ne, kuma akwai wasu dalilan da ke jawo haka, saboda haka a duba bututun a tabbatar. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, lokacin da aka yi matsanancin sanyi a Birtaniya, wannan matsala ta tsayar da boiloli a gidaje masu ɗimbin yawa.

Ƙanƙarar takan kama a bakin bututu, a lanƙwasa ko inda ya lotsa. A zuba ruwan ɗumi a jikin bututun, ana farawa daga baki ana yin sama, ko a ɗora robar ruwan zafi a wurin. Ban da tafasasshen ruwa, yana iya fasa robar ko ya ƙone mai zubawa. Kada a hau tsani a kan ƙanƙara, kada a yanke bututun, kuma a yi hankali da ruwan da ya zube a ƙasa domin zai daskare ya zama santsi. Idan an ji ruwa ya wuce, a danna maɓallin sake tayar da boilar. Bututun da ya daskare sau ɗaya zai sake, maganin shi ne a koma tambaya ta 6.

17. Babu sanyi amma ruwa yana komawa cikin boila, ko ana jin wari. Me ya jawo?

A fara duba magudanar da aka haɗa da ita. Idan bututun kwami ya toshe da maiƙo a bayan mahaɗar, ruwan wanke-wanke zai nemi hanya ta bututun boila, musamman idan boilar ba ta fi kwamin tsayi sosai ba. Bayan wannan sai tarkon cikin boilar, inda baƙin laka da garin ƙarfe suke taruwa. Sai kuma tarko biyu babu tazarar iska, ko bututun da ya lotsa.

Wari kuwa yawanci tarko ne ya bushe, ko dai don boilar ta daɗe a kashe, ko don ruwan da ke wucewa da ƙarfi a magudana yana zuƙe ruwan tarkon. Idan ana zargin hayaƙi ne yake fitowa, a kashe boilar, a buɗe tagogi, a kira ma'aikacin gas.

18. Za a iya haɗa shi da bututun da ke rage matsin ruwan boila?

A'a, sai idan kamfanin ya tanadi mahaɗa ta musamman don haka. Wancan bututu yana iya sakin ruwa mai tsananin zafi da ƙarfi, wanda siririn bututun roba ba zai jure ba. Kuma idan bututun ruwan tururi ya daskare, hanyar kariyar boilar ta toshe tare da shi.

19. Wa ya kamata ya yi aikin, kuma yaya ake gwada shi?

Tarkon cikin boila ɓangare ne na hanyar hayaƙi, don haka buɗe murfin boila aikin mai lasisin gas ne. A Birtaniya wannan yana nufin wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Narkar da ƙanƙara a waje da sa wa bututu riga kuwa mai gida yana iya yi.

Kafin a kunna boila karon farko, ma'aikacin zai cika tarkon da ruwa yadda littafin ya nuna, domin busasshen tarko yana barin hayaƙi ya wuce. Sannan ya zuba ruwa mai yawa ta hanyar, ya bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda yana neman danshi, ya tsaya a ƙarshen bututun ya ga ruwan ya fito. Bayan haka a cika kwamin wanke-wanke a sake shi gaba ɗaya, a ga ko wani abu ya koma ta bututun boila. A duk gyaran shekara a wanke tarkon, a sake cika shi, a duba maƙalai da rigar waje, a kuma ɗaga abin shawagin injin tura ruwa da hannu a tabbatar boilar tana tsayawa.